Shekarar da Ƙofa Ta Ƙi Itsuki

Cikin jirgi, kwana ɗaya da barin Yokohama
24 ga Maris

Zuwa ga Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya bayan naki? Ina fata ɗinkin ya daina ja, kuma kina kwance kamar yadda likita ya ce, ba kina lallaɓawa kina taya yayarki wanke-wanke ba. Ki gaishe ta, ki yi mata godiya a madadina. Mu nan lafiya lau. Ruwa a kwance yake, abinci irin na bara ne, ɗakinmu ma a bene na tara yake, sai dai autarmu Kanon ce ta ɗauki gadonki.

Na bi shawararki, ban bar Itsuki ya kira ki a waya ba, don kada ya ji muryarki ya ce sai gida. Littafin da kika rubuta min a kansa yana aljihuna. Sai da na kai shafi na shida na san ba ya cin tumatir idan an yanka shi. Shekara goma sha takwas muna cin abinci a tebur ɗaya da yaron nan.

Abu ɗaya ne bai tafi yadda muka tsara ba. Yau da ƙarfe goma na raka su ɗakin matasa a bene na goma sha biyu. Kanon ta sa katinta a na'urar ƙofa, ta nuna kore, ta shige. Itsuki ya sa nasa, ta nuna ja. Ya goge katin a rigarsa ya sake sawa, ja. Ya yi haka ya fi sau goma. Sai Malama Ogata ta fito, wadda ke kula da ɗakin, kin tuna ta, mai gajeren gashi da ta ba shi aikin jera kujeru bara. Ta gaishe shi da sunansa, sannan ta ja ni gefe ta ce ɗakin na 'yan shekara goma sha uku ne zuwa goma sha bakwai, shi kuwa ya cika sha takwas a watan jiya. Yana rubuce a takardun da aka aiko mana. Ke kina asibiti lokacin, ni kuma ban karanta ba.

Na fiddo takardar shaidar lalurarsa na nuna mata. Na ce jikinsa ne ya kai sha takwas, amma ta san shi, ko ƙuda bai taɓa kashewa ba. Ta ce ta sani. Ta ce iyayen sauran yaran sun sa hannu ne a kan cewa ba wani babba da zai zauna da 'ya'yansu in ba ma'aikaci ba, kuma a wurin doka Itsuki babba ne. Ta ce akwai zaman da ake yi wa 'yan sha takwas zuwa ashirin kullum da ƙarfe huɗu a wurin shan shayi na bene na takwas, amma ba mai tsaron kowa a can, ma'aikaci yana haɗa su ne kawai ya tafi. Na ce wannan ba na ɗana ba ne.

Itsuki ya tsaya a bakin ƙofar har sha biyu. Bai yi kuka ba. Duk yaron da ya zo sai ya matsa masa, ya kalli fitilar ta yi kore. Ni ma na tsaya, don ban san abin da ake yi ba, kuma littafinki bai faɗa ba.

Da yamma na je wurin shugaban masu kula da fasinjoji, wani Malam Kuwabara. Ya saurare ni da kyau. Ya ce zai tambayi babban ofishinsu, wataƙila su yarda idan ƙanwar Itsuki za ta kasance tare da shi duk lokacin da yake ciki. Na ce ai wannan ba komai ba ne, haka suka saba. Na gaya wa Kanon da muna cin abinci. Ta ce to, ta ci gaba da cin shinkafarta.

Kada ki sa damuwa a ranki, za a daidaita. Ki huta sosai.

Naki,
Nobuhiro

Kagoshima
26 ga Maris

Zuwa ga Chizuru,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Kin fara takawa zuwa bakin ƙofa kuwa? Yara suna gaishe ki. Zan ba ma'aikacin jirgi wannan wasiƙa kafin mu tashi, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Mun sauka yau da safe. Dutsen nan mai aman wuta yana ta fitar da hayaƙinsa, toka duk ta ɓata mana takalma. Da rana muka shiga wani ƙaramin shagon taliya kusa da tashar fito. Itsuki ya gama da wuri ya koma jikin taga yana kallon jiragen da ke tsallakawa. Ina zuba wa Kanon ruwa sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Baba, in sun yarda Yaya ya shiga, ni zan daina zuwa."

Na tambaye ta ko wani ya yi mata wani abu a can. Ta ce a'a, lafiya lau ake yi. Ta ce ta yi ƙawaye uku, suna koyon wata rawa da za su yi ranar ƙarshe. Ta ce tun tana aji ɗaya duk inda ta shiga sunanta ƙanwar Itsuki, ita ce mai duba ko ya je banɗaki, ita ce mai yi wa mutane bayani in ya toshe kunnuwansa. Sau uku muna hawa jirgin nan, sai jiya ta san akwai taga mai kallon bayan jirgi a ɗakin, domin idonta kullum a kansa yake. Sannan ta ce da 'yan matan suka tambaye ta ko tana da 'yan'uwa, ta ce ita kaɗai ce.

Ban yi fushi ba. Na lura romon ya huce, na lura ta fi ki tsawo yanzu. Na ce mata ta ƙarasa abincinta. Ta ce, "Ka mare ni ma, Baba, ya fi wannan shirun." Na ce ban taɓa marin kowa ba, ba zan fara a shagon taliya ba. Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba a kwano.

Ina zaton ke kin daɗe da sanin wannan. Na tuna ranar da na ce Kanon za ta riƙa raka shi tashar bas in ya fara zuwa wurin koyon aiki a watan gobe, tunda hanyar makarantarta ce. Kika ce a bar maganar sai kin warke. Na ɗauka ciwon ne ya hana ki magana.

Da muka dawo jirgi na tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofa. Babban ofishi ya yarda, da sharaɗin nan. Na zauna da takardar a hannu na ɗan lokaci, sannan na sauka wurin Malam Kuwabara na gode masa da wahalar da ya sha, na ce mun fasa. Bai tambaye ni dalili ba.

Na gaya wa Itsuki a ɗaki, Kanon tana can ɗakin matasa. Ban yi masa ƙarya cewa an rufe wurin ba. Na ce ya zama babba, ɗakin na yara ne, ba zai sake shiga ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Ya ce kujerun fa, wa zai jera? Na ce wani zai jera. Sai ya ciji wuyan hannunsa. Na riƙe shi ta baya yadda kika zana a shafi na sha ɗaya. Ya fi ƙarfin da nake tsammani, kuma ban san yadda kika riƙa yin wannan da bayanki ba. Ya ɗauki kusan rabin sa'a. Fatar ba ta fashe ba, na shafa masa maganin.

Ban sani ba ko daidai na yi. An buɗe masa ƙofa, ni na rufe, kuma bai san an buɗe ba. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani.

Ki kula da kanki.

Naki,
Nobuhiro

Cikin jirgi, bayan Busan
31 ga Maris

Zuwa ga Chizuru,

Bayan gaisuwa, da fatan sauƙi yana ƙaruwa. Wataƙila mu riga wasiƙar nan isowa, amma na saba da rubutun, kuma na fi iya faɗa a takarda.

Washegarin abin da ya faru, bayan ya sake tsayuwar safiya a bene na goma sha biyu, na kai shi zaman ƙarfe huɗu, don ba ni da inda zan kai shi. Mutum biyar muka tarar, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Ma'aikacin ya sa kowa ya faɗi sunansa, ya ajiye musu kwalin wasanni, ya tafi. Itsuki ya faɗi sunansa da adireshinmu gaba ɗaya har da lambar gida. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya kula. Na zauna a teburin baya da jarida. Ran nan haka muka tashi.

Rana ta biyu wani saurayi ɗan Koriya mai suna Dong-ha ya ce wa zai buga ƙwallon tebur da shi. Shekararsa ashirin, watan gobe zai shiga aikin soja, ya rako kakarsa ne. Harshenmu a bakinsa kame-kame ne. Kowa ya ƙi, sai Itsuki ya miƙe. Bai iya ba, kin sani, yana mayar da ƙwallon ne a hankali kamar mai miƙa ƙwai. Amma ba ya gajiya kuma ba ya damuwa da wa ya ci. Dong-ha ya yi ta zaginsa cikin raha, yana ce masa tsoho, yana cewa kakarsa ta fi shi sauri. Itsuki ya ce ai kakar ba ta zo ba. Ina tsaye ina tsince musu ƙwallo, ina gaya wa Itsuki ya gyara riƙo, sai wata yarinya cikinsu, Mizuho, mai koyon gyaran gashi, ta dube ni ta ce:

"Kawu, shekararka nawa?"

Na ce hamsin da biyu.

"To nan na 'yan sha takwas zuwa ashirin ne. Doka ce. Ka je ka sha shayinka, in ya ɓata za mu kai shi ofishin cigiya."

Na duba Itsuki. Ya ce, "Baba, doka ce." Na rubuta wa yarinyar lambar ɗakinmu na tafi. Kusan sa'a ɗaya na yi a saman jirgi, a kujerar bakin ruwa, ba abin yi. Na duba agogo ya fi a ƙirga, sannan na koma ɗaki. Da ƙarfe biyar da minti goma ya shigo ɗaki shi kaɗai, rigarsa sharkaf da gumi, ya wuce ni ya shiga wanka.

Kada ki ɗauka ya yi abokai irin na labari. Dong-ha abokin bugu yake nema, ya samu. Biyu cikin sauran ba su taɓa yi masa magana ba. Da muka tsaya Busan, Dong-ha da kakarsa suka sauka ke nan, Itsuki ya je ƙarfe huɗu bai same shi ba, ya dawo ya kwanta da takalmi. Jiya kuma ya koma, Mizuho ta rage masa gashin goshi da almakashin farce. Ya ɗan karkace, kada ki yi magana in kin gani. Ya daina hawa bene na goma sha biyu.

Maganar bas kuwa, na yanke shawara. Ni zan riƙa raka shi, na rubuta wa wurin aiki cewa zan riƙa shiga da ƙarfe goma har ƙarshen watan Mayu. Sati biyun farko zan zauna kusa da shi, daga nan zan koma kujerar baya, daga nan mu gani. Kanon ta kama hanyar makarantarta.

Yau da rana aka yi rawar su Kanon a babban zaure. Tana layi na biyu, ta yi kuskure sau ɗaya. Itsuki ya toshe kunnuwansa saboda kiɗan amma bai fita ba. Da aka gama ta sauko, ƙawayenta suna biye da ita, ta tsaya a gabanmu ta ce wannan babana ne, wannan yayana ne. Ɗaya cikinsu ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa ta rusuna ta gaishe mu.

Bayan nan muka hau saman jirgi mu uku. Itsuki ya ce wa Kanon ta yi haƙuri, wurinsu ba a barin yara, amma in ta cika sha takwas sai ta zo, zai nuna mata inda ake ajiye ƙwallaye. Ya ƙirga da yatsu, ya ce saura shekara uku. Ni ma na ƙirga a raina. Shekarar da za ta cika sha takwas, shi yana da ashirin da ɗaya, ya fita daga can ma. Ba ɗakin da zai sake haɗa su a jirgin nan. Na ga Kanon ta riga ni gama lissafin. Na jira in ji ko za ta bar shi a haka, ni dai da na bar shi.

Ta ce, "Yaya, lokacin kai ma an kore ka, ka tsufa."

Ya tsaya yana tunani. Ya ce to ina za su je?

Ta ce, "Inda Baba yake zuwa. Kujerar bakin ruwa. Can ba a duba kati."

Ya ce to shi zai zauna ta wajen ruwa. Ta ce sai dai su yi canke.

Gobe da safe za mu iso. Kada ki zo tarya, akwai tsayuwa da yawa, za mu hau jirgin ƙasa mu same ki a gidan yayarki. In da hali a dafa miyar kabewa, tumatir kuma a bar shi ɗungum.

Ki gaishe da mutanen gida.

Mijinki,
Nobuhiro