Sunan da Ba Na Kira

Funtua,
12 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga maigidana Malam Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya karatu, yaya zaman Zariya? Ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Wasiƙarka ta iso, amma gajeriya ce ƙwarai. Wanda ke koyon karantar da 'ya'yan wasu ya kamata ya sami lokacin rubuto wa gidansa.

Ka tambayi labarin yaron. Ka san ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mahaifinka ya ci, don haka ko a takarda ba zan ambaci sunan ba. Lafiyarsa lau. Ran Lahadi a majami'a 'ya'yan Matta maƙwabciyarmu suka hana mutane jin wa'azi, shi kuwa yana kan tabarma yana jujjuya murfin kwano har aka tashi. Na gaya wa Matta tarbiyya tun daga goyo ake fara ta. Ta ji haushi, ba ta ƙara leƙo ni ba. Gaskiya dai na faɗa.

Gidan shiru yake tun tafiyarka. Yaron yakan ɗebi masara ya jera ƙwayoyin a ƙasa, layi ɗaya miƙaƙƙe daga bakin ƙofa zuwa gindin randa. In na dawo daga rijiya ba ya taro ni. Ina tsammanin kunyata ya gado.

Ka riƙa zuwa sujada, ka guji abokan banza.

Taka,
Liatu.

Funtua,
20 ga Nuwamba, 1965.

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, akwai maganar da nake so ka karanta a natse.

Inna mahaifiyarka ta zo daga garin Ƙarfi. Ta yi ta kiran yaron, ta tafa hannu, ta yi masa waƙa, ko waiwaye bai yi ba. Ta ce kurma ne. Ba kurma ba ne. Kafin in ji kukan jirgin ƙasa, shi har ya toshe kunnuwansa. Na kai shi asibitin mishan, malamin asibiti ya leƙa kunnen ya ce bai ga komai ba, in ƙara haƙuri.

Da damina yana cewa ruwa. Yanzu kalmar ta ɓace. In ƙishi ya kama shi sai ya ja wuyan hannuna ya ɗora a murfin randa, kamar hannun moɗa ne, ba ya duban fuskata. Jiya na ga 'yar autar Matta, wadda ya girme ta, tana nuna motar auduga da yatsa tana waiwayen uwarta ta gani ko ita ma ta gani. Na daɗe tsaye a bakin zaure. Namu bai taɓa nuna mini komai ba.

Ni kuwa da yaushe zan gane ba ya amsa sunansa, tunda ban taɓa kira ba? Shirunsa kowa yabawa yake yi, nawa ma haka.

Inna ta ce da an gama cirar auduga za ta zo ta ɗauke shi yaye zuwa Ƙarfi, kamar yadda aka saba. Ta ce taurin kai ne, tsumagiya da hayaƙin magani za su buɗe masa baki. Ban tanka ba, don uwa ba ta jayayya a kan ɗan fari. Kai za ka iya. Ka rubuta mata ta bar shi tukuna. Yaron da in aka kawar masa da tabarma daga inda ya saba sai ya wuni yana kuka, yaya zai yi a gidan da bai sani ba?

Ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai kai.

Taka,
Liatu.

Funtua,
15 ga Disamba, 1965.

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fata jarrabawa ta zo da sauƙi. Na ga amsarka, cewa a bar wa manya abin da suka saba. Amsa ce mai sauƙi ga wanda ke nesa.

Inna ta zo da zanen goyo. Tana shigowa ta ga masara a ƙasa, ta ce almubazzaranci ne, ta sa tsintsiya ta share. Yaron ya ƙwalla ƙara, ya shiga buga kansa da bango. Ta karyo tsumagiya. Ban san sa'ad da na ɗaga murya na kira sunansa ba, a gaban Inna, a gaban matan da suka leƙo ta katanga. Sunan mijinta, a bakina, a tsakar gida.

Bai waiwayo ba.

Duk da haka na shiga tsakaninsu na ce ba inda za shi. Inna ta koma Ƙarfi ko ruwa ba ta sha ba. Yanzu a unguwa ana cewa matar malam ta zubar da kunya, boko ya ɓata ta. Su faɗa. Ubangijin da ya ba ni amanar yaron nan ba zai tambaye ni abin da maƙwabta suka ce ba.

Da ƙura ta lafa na zuba masa wata masarar. Ya soma jerinsa daga bakin ƙofa. Na zauna a ƙasa gefensa, na ajiye ƙwaya ɗaya a ƙarshen layin. Ya tsaya. Ya sa yatsa ya ɗan gyara ta ta daidaita da sauran, sannan ya ci gaba daga tawa. Bai dube ni ba, amma bai cire ta ba.

Ban san sunan abin da ke damunsa ba. Ka tambayi likitocin Zariya kafin ka taho Kirsimati, ka gaya musu duk abin da na rubuto maka, kada ka rage don kunya. Ka kuma biya ta Ƙarfi ka ba Inna haƙuri, amma kada ka yi mata alkawarin komai.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce,
Liatu, uwar Ishaya.