Hannuwan Kawu

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda kake so. Mu nan lafiya lau, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi.

Na san ka ji labarin gobarar benen bayan kasuwa, amma ba ka ji daga bakina ba. Yaya, Kawunmu ne ya shiga. Sauran 'yan kwana-kwana suna feshin ruwa daga ƙasa, shi ya hau tsani ya fasa taga, ya sauko da yara uku ɗaya bayan ɗaya. Hotonsa ya zaga ko'ina. A makaranta yanzu 'yar gidan jarumi ake ce min, ni ma ba na hanawa. Na gaya wa Mama idan na gama makaranta aikinsa zan shiga. Ta ce wadda kyankyaso ke kora daga banɗaki ce za ta tari wuta?

Hannuwansa sun ƙone, yana asibiti. Idan an sallame shi gidanmu zai zo jinya, ɗakinka za a ba shi. Na ƙagu ya zo in ji komai daga bakinsa.

Kowa yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, da fatan zazzaɓin da ka ce ya sake ka. Ka riƙa cin abinci, in ji Mama.

Kawu ya zo, amma ba Kawun da ka sani ba. Kullum yana ɗaki, labule a sauke. Da Mama ta ƙyasta ashana a kicin sai ya tashi ya fice ƙofar gida. Ƙawayena sun zo ganinsa ya ƙi fitowa, suka tafi suna zunɗen juna, na rasa inda zan sa kaina. An kira shi karɓar lambar yabo bai je ba, sai ogansa ne ya kawo ta har gida. Tana kan kabat ɗinka, ko akwatinta ba a buɗe ba.

Ni nake ba shi abinci da cokali, don hannuwan a naɗe suke. Rannan na daure na ce ya ba ni labarin yadda ya ceto yaran uku. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce, "Su huɗu ne, Auta." Daga nan ya kawar da kai, bai ƙara ko loma ɗaya ba.

Ban san da na huɗu ba. Ashe an faɗa, ni ce ban ji ba, hoto kawai nake kallo. Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushi ba. Mutumin da bai ji tsoron wuta ba, yaya za a ce yana gudun ashana?

Ka sa shi a addu'a.

Auta

Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na gode da nasiha. Ka yi haƙuri da rubutuna yau, ba zai yi kyau ba.

Shekaranjiya da safe Kawu ya kira ni in ɓalla masa maɓallin riga, ya ce in raka shi unguwa. Sai a hanya ya gaya min gidan iyayen yaran za mu, inda suke zaune wurin dangi. Ashe tun a gida Mama ta so hana shi, ta ce kada ya fama musu ciwo. Ya ce akwai abin da shi kaɗai ya gani, kuma hakkinsu ne su sani.

Uban ya shigar da mu wani ƙaramin falo cike da kayan da mutane suka kawo musu. Uwar ta zauna a bakin ƙofa. Kawu ya gaishe su. Ya ce da ya fasa tagar, babban ɗansu ya tarar ya riga ya tattara ƙannensa a wurin, ya rufa musu jiƙaƙƙen bargo. Shi ya riƙa miƙo su. Da Kawu ya ce ya taho, sai yaron ya ce a fara da ƙaramar tukuna. Kawu ya ce masa yanzu zai dawo. Kafin ya dawo rufin ya rufta. A nan hannuwansa suka ƙone, wajen tonon katakon da ke ci.

Yaya, yaron bai ma kai ni shekaru ba.

Uwar ta tashi ta shige ciki, muna jin kukanta, ba ta sake fitowa ba. Uban ya riƙe kafaɗar Kawu. Muna shirin tafiya sai ƙaramar yarinyar ta leƙo, ta gane shi. Ta taɓa bandejin hannunsa ta ce, "Ka ce za ka koma ka ɗauko Yaya."

Na zaci zai yi mata irin wayon da manya ke yi wa yara. Sai ya durƙusa daidai tsayinta ya ce, "Na koma. Ban iya ba. Ki yafe min."

A hanyar dawowa ya tsaya ya jingina da wani bango, jikinsa yana ɓari, na tare shi da kafaɗata har ya lafa. Hawan tsani a hoto na gan shi, aka ce min babu tsoro a ciki, na yarda. Wannan kuwa da idona na gani: tsoro ya cika shi tun daga gida, kuma ya je.

Likita ya ce yatsunsa biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Maganar shigata aikin kwana-kwana kuwa, ban fasa ba, ban kuma ƙara faɗa wa kowa ba. A makaranta jiya wata ta kira ni 'yar gidan jarumi, na zaunar da ita na ba ta labarin yaron.

Idan an yi hutu ka taho da wuri. Ina so in gan ka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta