Inabinmu na mutuwa, Baba ya ɗora wa amininsa laifina

Doña Rosalba, ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin cikina.

Muna da gonar inabi a kan tudu kusa da garin Coelemu, a yankin Itata, kakan Baba ne ya dasa ta. Tun ina yaro Baba ke da doka uku a kan askin inabi: ba a yanka ranar ruwa, ba a yanke reshen da ya fi babban yatsa kauri, kuma a bar ɗan guntu a bakin yankan. Ni dai na ɗauke su surutun tsofaffi. Shekara huɗu da suka wuce aka yi masa aikin ido a Chillán, askin ya faɗo kaina. Na samu aikin dashen bishiyoyin katako a Arauco, mota za ta tashi ran Litinin, sai na ɗauki zarto na gama cikin kwana biyar abin da Baba ke yi a wata guda. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Na sare manyan rassa don gonar ta yi kyan gani, ban shafa komai a kan yankan ba.

Bara ganye ya fara ƙonewa, rassa suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. In ka tsaga kututture sai ka ga cikinsa ya yi baƙi. Wata ma'aikaciyar gona ta ɗebi itacen ta kai gwaji, ta ce fumfuna ce a ciki. Baba na jin haka ya tuna cewa Don Nibaldo, amininsa na shekara hamsin, wanda ya riƙe ni a coci ranar baftisma, ya taɓa ba mu dashe muka cike gurabe. Shi ke nan. Ya ce masa a gaban mutane, "Nibaldo, annoba ka ba ni kyauta, naka na can suna ƙiba." Tun daga ranar ba sa ko gaisawa, kuma wake da kabewar da suke ci tare duk Lahadi ya tsaya. Da na bi ma'aikaciyar a gefe, ta ce fumfunar nan har a lafiyayyun itatuwan Don Nibaldo akwai ta, ta tambaye ni wa ya yi mana aski da zarto. Na ce ban sani ba. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji. Baba na da shekara saba'in da tara, ba ya gani sosai, gonar nan ce rayuwarsa. In faɗa masa, ko in yi shiru in gyara abin da zai gyaru?

Mai zarto, daga Itata

Ɗana Mai zarto,

Mu fara da itacen. Fumfuna iri-iri na zaune a cikin kusan kowane inabi, yawancinsu ba sa cutar da shi, wasu ma zaman lafiya suke yi da shi shekara da shekaru. Abin da ke sauya zaman shi ne yadda ake riƙe gonar. Babban yanka ƙofa ce a buɗe, ruwan sama kuma shi ke ɗauko ƙwayoyin ya shigar da su. Dokokin mahaifinka uku ba camfi ba ne, ko da bai san sunan abin da yake karewa ba.

Amma kada ka ɗauki kayan duka. Farin da aka sha a shekarun nan ya galabaitar da itatuwa, itacen da ƙishi ya kama kuwa ba ya iya riƙe abin da ke cikinsa. Babu mai iya rantsuwa cewa zartonka kaɗai ne. Abin da ake iya cewa shi ne, ba dashen Don Nibaldo ba ne.

Ga aikin da ke gabanka. Ka jira ƙarshen sanyi, wajen watan Agusta, ranar da gari ya bushe. Duk kututturen da ya kamu ka yanke shi ƙasa da inda baƙin ya tsaya, ka shafa maganin rufe yanka, ka bar sabon toho ya taso daga gindi. Busassun ka kwashe su daga gonar ka ƙone. Da yawa za su dawo cikin shekara uku.

Sai maganar da ka rubuto dominta. Na gane tsoronka, tsoho mai ciwo ba a son a tayar masa da hankali. Sai dai hankalinsa a tashe yake tun bara, kuma a kan mutumin da bai yi masa komai ba. Ka faɗa wa mahaifinka shi kaɗai, ba a gaban kowa ba, kuma kada ka fara zuwa wurin Don Nibaldo, don kada ya ji a bakin waje. Zai yi faɗa, wataƙila ya yi mako bai kula ka ba. Ka jure, tsakanin ɗa da uba ba a rasa hanyar komawa. Bayan nan ka riƙe hannunsa ka kai shi ƙofar amininsa, tunda ba ya ganin hanya.

Yankan itace zai jira Agusta. Tsofaffi biyu da ke bakin tamanin ba su da tabbacin Agusta, don haka ka yi maganar kafin Lahadin nan.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya raya gonarku.

Doña Rosalba