Takardar Rumfar Stamatis

Litinin, 3 ga Mayu, 1921
Stamatis ya dawo! Jikana ya dawo daga yaƙi da ransa. Hannun dama ne dai ya bari a can. Ban kalli wajen ba. Uwarsa na kuka, ni ina ta ƙara masa miyar wake.

Alhamis, 6 ga Mayu
Wai yanzu ko rumfar taba ba a buɗewa sai da izinin gwamnati, kuma sojojin da suka ji rauni ake fara ba. Guri ɗaya ya rage a dandalinmu. Ni zan rubuta takardar roƙon. Ba a banza na yi shekara uku a ajin yamma ina koyon rubutu da furfurata ba.

Asabar, 8 ga Mayu
Shafi biyu. Na ce yaro ne ƙaƙƙarfa, da hannu ɗaya yake ɗaga buhun zaitun, ba abin da ya rasa. Wa zai ba raggo rumfa?

Talata, 18 ga Mayu
Sun ƙi. Magatakarda ya ce, "Baba, kai da kanka ka rubuta lafiyarsa ƙalau. Rumfa ta naƙasassu ce. Wannan ai sai mu mayar da shi bakin daga." Wasa yake yi? Ban gane ba. Tun tasowata, in kana nemar wa yaro sana'a, yabonsa kake yi.

Laraba, 19 ga Mayu
A gidan kofi Manolis mai aski ya ce, "Malam ɗan ajin yamma, an ce da alƙalami ka tsiro wa yaro sabon hannu." Kowa ya yi dariya. Stamatis ya koma ɗaki, ba ya fitowa. In gurin rumfar nan ya kuɓuce mana, a ɗakin zai ƙare.

Juma'a, 21 ga Mayu
Stamatis ya ajiye min farar takarda. "Kaka, rubuta abin da ka gani. Amma duba tukuna." Ya tuɓe rigar.
Na duba.
Layi ɗaya na rubuta. Ya fi shafi biyun nan wuya.

Lahadi, 6 ga Yuni
An ba mu rumfar. Har yanzu ban gane dokar ba. Rumfar taku biyu ce kacal, na sa kafinta ya mayar da kantocin hagu. Da safe ni na naɗe masa hannun rigar na soka fil, don uwarsa ba ta iya daidai ba, shi ke nan. Bayan coci na tsaya a bakin ƙofa ina gaya wa kowa: ku zo dandali, gefen famfo, ku ga jikana. Har kai, Manolis.