A Sauke Hoton Mwamvua Daga Bango

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'i,
Gandun Ƙasa na Tsibirin Vumbwe,
Tanzaniya.

Daga:
Mwanakombo Fakihi,
Ƙauyen Kitutwe, Tsibirin Vumbwe.

Litinin, 16 ga Oktoba, 2023.

GAME DA: HOTON 'YATA DA KE RATAYE A CIBIYAR KARƁAR BAƘI

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni mai suna a sama, mai noman ciyawar teku, ina gabatar da kukana game da 'yata Mwamvua Makame, mai shekara bakwai. Mwamvua zabiya ce, ita kaɗai a ƙauyenmu. Mahaifinta yana can wani tsibiri wajen kamun kifi, ba zai dawo ba sai iska ta juya. Don haka ni ce uwa, ni ce uba.

1. Ranar Talata, 3 ga Oktoba, na raka 'yan ajinsu ziyarar cibiyarku, don in riƙe mata lema a hanya. Muna shiga sai yara suka ɗauki sowa. Ga Mwamvua a bango, hoto ya fi ƙofa tsayi, tana dariya, an ɗauke ta ranar da ɗalibai suka share bakin teku bara. An rubuta sunanta da na ƙauyenmu, har da kibiya a jikin taswira. Ba a tambaye ni ba, ba a tambayi ubanta ba. Ita kuwa murna take, tana jan zanena wai in dubi yadda ta yi kyau. Na ce mata ta yi kyau.

2. A wannan ziyarar wani yaro ya tambayi jami'in cibiyar, Bwana Kipanga, inda kunkurun teku ke binne ƙwansa. Ya amsa cewa ko matarsa ba ya faɗa wa, domin in ɓarayi suka san wurin, ƙwai ya ƙare. Shi ya sa ba a sa shi a taswira. Ranka ya daɗe, na yaba da wannan hikima. Tambayata kawai, me ya sa aka ɓoye gidan kunkuru aka nuna gidan 'yata?

3. A ranar na roƙe shi ya sauke hoton. Ya yi dariya, ya kira ni uwar tauraruwa, ya ce wasu iyayen roƙo suke a sa nasu, kuma baƙi sun fi tsayawa a gaban wannan hoto. Da na nace, sai ya ce ko ƙusa ba ya cirewa sai da izininka. Ban zo ƙararsa ba. Na yi imani bai yi tunanin abin da nake tunani ba, don ba shi ya haife ta ba.

4. Ranar Laraba, 11 ga wata, da hantsi, wasu maza biyu da ba 'yan tsibirin nan ba suka sauka daga kwalekwale mai inji. Suka nuna wa Bibi Sikudhani, tsohuwar da ke soya mandazi, wato fanke, a mashigi, hoton a waya, suna tambayar gidan farar yarinya, wai sun kawo mata kyauta. Ta ce musu ita idonta ya mutu, ko jikokinta da murya take gane su, ta nuna musu hanyar da ke ƙarewa cikin taɓo. Daga nan ta bar mai a wuta ta rugo gidana. Mai yiwuwa mutanen kirki ne. Amma Yallaɓai ya san abin da matsafa ke yi da gaɓoɓin yara irinta, kuma ba zan gwada kirkinsu da hannun 'yata ba.

5. Tun ranar ba ta je makaranta ba, ni ma ban shiga ruwa ba. Ciyawata tana ruɓewa a kan igiya. Kullum tana tambayata laifin me ta yi aka kulle ta. Na sanar da shugaban ƙauye, samari na zagayawa, amma duk jirgin da ya kawo baƙi cibiyarku yakan koma da hotonta a wayoyi.

Saboda haka ina roƙo, don girman Allah, a sauke hoton, a goge sunanta da kibiyar, a cire shi daga duk takardun talla. In gurbin da zai bari a bango ne damuwa, a ɗauke ni ina tsinkar ciyawa a maƙala, na yarda.

Ina kuma sanar da kai cikin ladabi, don kada a ce na yi kutse: idan safiyar Juma'a, 20 ga wata, ta yi hoton yana nan, zan bar Mwamvua a hannun Bibi Sikudhani, in sayi tikiti kamar kowane baƙo, in shimfiɗa zanena a kan fuskarta da ke jikin hoton, in riƙe har a tashi. Haka Asabar, haka Lahadi. Ba zan fasa komai ba, ba zan ɗaga murya ba. Abin da kuke yi wa ƙwan kunkuru shi zan yi mata.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka naka.

Taka cikin biyayya,
Mwanakombo Fakihi
(Mahaifiyar Mwamvua)