Me Ya Sa Sai Sun Kai Wata Shida?

Anti Lucia,

Ki taimake ni da amsa kafin Kirsimeti, don in ta wuce Kirsimeti ko kin amsa ba ta da sauran amfani. Ban iya doguwar gaisuwa ba, kuma ba na cikin halin koyonta yanzu. Ki yi haƙuri.

Ni lebura ne a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, nan Kafanchan, shekarata ashirin da uku. A aji shida na tsaya, amma ba takardar da za ta gifta ta gabana ban karanta ba. Maganar ta matar yayana ce, Paulina, da jaririyarta Clara mai wata huɗu. Suna ƙauyenmu, tafiyar awa ɗaya da rabi a keke.

Kafin Clara, Paulina ta haifa wa yayana Kumai maza biyu. Duka biyun suna kwance bayan coci. Leonard ya zo duniya ɓul-ɓul, mata na ta karɓarsa hannu-hannu. Yana cika wata shida sai bayan hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura, in an taɓa shi sai ihu, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ya mutu bai taka ƙasa ba. Simon ma haka, sai dai nasa ya soma a wata na bakwai, ya ja har shekara biyu da rabi. Da daminar bara muka binne shi.

Kafin Simon ya mutu, ni na ɗauko shi da uwarsa zuwa asibitin mishan. Mai gwajin jini a wurin, Mista Cyprian, mutumin Gabas ne da ya dawo bayan yaƙin basasa. Da ya ga na ishe shi da tambaya sai ya ce in zo in sa ido a madubinsa mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Anti, na gani da idona. Ƙwayoyin jinin Simon da ya ce ya kamata su zama kamar kwabo sun lanƙwashe kamar laujen yankan acca. Ya ce sunan ciwon sikila, kuma yaro ba ya samunsa sai uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi.

Ban yarda da baki kawai ba. A tashar jirgi na tarar da wata mai gyaɗa tana yage littafin kimiyya na 'yan sakandare tana ƙunshi da shi. Na roƙe ta ta bar mini abin da ya rage. Wata biyar ina fama da shi da ƙamus. A ciki na karanta labarin wani Fada, limamin coci a Turai, da ya shekara da shekaru yana haɗa wake dogo da gajere yana ƙirga 'ya'yansu, da waɗanda suka yi irin wannan da ƙudaje da ɓeraye. Suka gano cewa cikin jikin kowane mai rai akwai wani zare mai ɗauke da rubutu, rabi na uba, rabi na uwa, ko wake ne, ko ƙuda, ko mutum. Wani rubutun yana magana a jiki, wani yana nan amma ya yi shiru. Daidai inda littafin ya soma bayanin abin da ke sa wani ya yi magana wani ya yi shiru, nan shafi goma sha takwas suka tafi da gyaɗa.

Sai na koma wurin Mista Cyprian na miƙa nawa hannun. Ina da rabin. Ni da ban taɓa kwana a asibiti ba, ni da nake ɗaukar ƙarfen da mutum biyu ke nishi a kansa. Takardar gwajin tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa. Wato abin yana gidanmu. Kumai ya ƙi a gwada shi, wai shi ba zai ba wani jininsa a kwalba ba.

To ga abin da gidanmu suka yanke. Wai nonon Paulina ne mugu. Ranar Lahadin da ta wuce na je gida na tarar da tsofaffin mata sun zaunar da ita a tsakar gida, sun sa ta tatsa a ɗan ƙoƙo, sun jefa tururuwa a ciki. Tururuwar ta yi ta juyi ta mutu. Suka yi ta girgiza kai. Paulina tana zaune zaninta a kafaɗa, kamar ba jikinta ake magana a kai ba. Wannan ce matar da kullum suke kira matarmu, matarmu, ita ke nome musu gonar citta.

Ban tsaya shawara ba. Na tafi shagon bakin hanya na sayo madarar gwangwani, na huda, na zuba a ƙoƙon, na jefa tururuwa biyu. Duka suka mutu. Na ce to, sai a aika Turai a gaya wa saniyar ita ma nononta mugu ne, ta tattara kayanta. Na ce ko a ruwan baftisma aka jefa tururuwa nutsewa za ta yi. Wannan ta ƙarshen na san ban kyauta ba, katikis, malamin cocinmu, yana wurin.

Baba Kambai, ƙanen marigayi babanmu, shi ne babba a gidan yanzu. Bai ɗaga murya ba. Ya bari na gama zuba, na gama wake da ƙudaje, sannan ya kira ni Dokta, ya ce yana da tambaya ɗaya. In ciwon a jini yake tun daga ciki, me ya sa ake haifar yaran lafiya lau? Me ya sa sai sun sha nono wata shida sannan su kumbura? Jinin barci yake yi? Ya ce shi bai yi makaranta ba, amma ya san abin da aka haife ka da shi ranar haihuwa ake ganinsa, kamar yatsa shida.

Anti, littafina bai kai nan ba. Aka yi dariya. Sai na ce masa kan da bai taɓa ɗaukar komai ba sai tulun burkutu ba zai gane ba. Kumai ya miƙe zai mare ni, aka riƙe shi. Uwarmu, wadda ita ce kan gaba a maganar nonon nan, ta shige ɗaki. Ban san me ke damunta da Paulina ba. Ita ma fa ta binne biyu kafin ta haifi Kumai, ba ta taɓa gaya mana me ya kashe su ba, ai ita ya kamata ta fi kowa tausayi.

Yanzu an sa rana. Bayan an gama haƙar citta, washegarin Kirsimeti, dangi za su taru. Za a cire Clara daga nono a ba wata goggonmu ta raine ta da koko da nonon shanu, Paulina kuma a mai da ita gidan ubanta. Kin ga tarkon? In an cire yarinyar ta rayu, za su ce ga shi, nonon ne. In ta kumbura, za su ce dafin ya riga ya shiga. Ta kowace hanya Paulina ce mai laifi. Ni kuma na ga yadda yaran da aka yaye da wuri suke ƙarewa a ƙauyenmu, zawo kwana uku, shi ke nan.

Clara tana dariya yanzu, tana kama yatsa. Duk ranar da na je hannayenta nake fara dubawa. Littafin ya ce ɗaya cikin huɗu ne ke kamuwa. Mu mun ba da biyu. Ashe ba ta tsira ke nan ba? Ina so in tsaya gaban dangi in rantse musu ba abin da zai same ta, in ajiye takardata a gaban Baba Kambai in ce ga mugun jinin, naku ne. Wani lokaci kuma sai in ji kawai in ɗauko Paulina da yarinyar in sa su a jirgin Jos, kowa ya yi abin da zai yi.

Me zan ce wa tsohon nan? Me ya sa sai wata shida?

Mai rabin littafi,
Kafanchan

*

Ɗana,

Na aika maka da wannan amsa ta gidan waya kafin a buga ta a jarida, saboda ranar da ka ambata. Allah ya ji ƙan Leonard da Simon.

Na kai wasiƙarka wurin wata likitar jini a Zariya, ga abin da ta ce yana cikin shafukan da suka tafi da gyaɗa. Jinin da jariri ke amfani da shi a cikin uwa wani iri ne dabam, rubutun da ke yin sa ma dabam, kuma wannan jinin ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa sai wannan rubutun ya soma yin shiru a hankali, na jinin manya ya soma magana. Wajen wata shida canjin ya yi nisa. In rubutun manyan da yaro ya gada daga uba da uwa duka na sikila ne, a lokacin ciwon ke fitowa. Haka yake ko nonon uwa yaro ya sha, ko na shanu, ko na gwangwani. Ka tambayi Baba Kambai ko an haife shi da gemu. Tun yana ciki aka rubuta masa shi, sai da lokacinsa ya yi ya fito.

Amma ka lura, tsohon ya yi tambayar da ta fi taka. Ya duba yara biyu, ya riƙe watan da ciwon ya soma, ya nemi dalili. Abin da Fadan nan mai wake ya yi ke nan. A dalilin ne ya kuskure, kai kuma ka zage shi gaban 'ya'yansa don ba ka da amsa. Ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri kafin ranar taro, kai da shi kaɗai. Ka ce tambayarsa ce ta kai har Zariya, ga amsar da aka aiko masa. Mutumin da aka kunyata a tsakar gida ba zai canja magana a tsakar gida ba.

Yanzu ga naka kuskuren, kuma ya fi nasa haɗari. Ɗaya cikin huɗu ba layi ba ne da ake bi. Kowane ciki sabo ne, mutuwar yayyenta ba ta kare Clara daga komai ba. Ta fi kusa da tsira, amma ba wanda ya sani tukuna. Kada ka rantse. In ka rantse ta kumbura a watan Janairu, ka kashe maganarka, ka kashe Paulina da ita. Ka gaya musu tun yanzu cewa zai iya faruwa, ka faɗi watan, ka faɗi alamar, don in ya zo su tuna daga bakinka suka fara ji.

Takardarka kuma ba sanda ba ce. Ba don ka ɗauke laifi daga kan Paulina ka ɗora wa Kumai ka same ta ba. Mutum ne da ya haƙa kabari biyu, tsoro ne ya hana shi miƙa hannu. Ka nuna masa ita a keɓe, ka ce ni ma ina da shi, Yaya, ba wanda ya zaɓa. Kai ma ka adana ta, ranar da za ka nemi aure a gwada yarinyar.

Maganar jirgin Jos ka bar ta. Ka taɓa tambayar Paulina abin da take so? Duk wasiƙarka ban ji muryarta ba.

Abu ɗaya ne ba sassauci a kansa: kada a cire Clara daga nono. Ka nemi sistar asibitin mishan ta rubuta wannan da hannunta, ka roƙi katikis, bayan ka ba shi nasa haƙurin, ya karanta a taron. Kada ka nemi dangi su ce sun yi kuskure. Ka nemi su ɗaga maganar zuwa Ista, yarinya na kan nono, a kai ta babban asibiti a yi mata gwajin da ke raba mai rabi da mai ciwon, don na madubi kaɗai ba ya rabawa. Kafin nan a sa mata gidan sauro, a tambayi sista maganin zazzaɓin da ake ba yara duk Lahadi, a rufe ta daga sanyi. In jikinta ya yi zafi ko hannu ya tashi, asibiti a ranar. Akwai masu sikila da suka girma suka yi aure, kulawa ce ta kai su.

Sai uwarku. Ka sake karanta abin da ka rubuta a kanta. Mace ta binne biyu, ba ta taɓa faɗin abin da ya kashe su ba, kuma ita ta fi kowa son a ce nonon wata ne. Ban san abin da ya faru ba, kai ma ba ka sani ba. Ka same ta ita kaɗai, ba littafi a hannunka, ka tambaye ta a hankali yadda hannayen yaran nan suka yi, da ko an taɓa zaunar da ita a tsakar gida da ƙoƙo. In ta yi kuka, ka yi shiru ka zauna. In amsarta ita ce wadda nake tsammani, da wannan nonon ta shayar da kai da Kumai kuka rayu, kuma ita ce za ta tsai da taron nan, ba kai ba.

Ubangiji ya tsare hannayen Clara, ya ba Paulina ƙarfi, kai kuma ya riƙe maka harshe har washegarin Kirsimeti.

Anti Lucia