Inna da Sunan Ɗan Fari

Unguwar Lalle, Sabon Birni.

Zuwa ga ƙanena Marwan,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kasuwar Maraɗi kuma tana yi da kai. Mu ma mun gode Allah, sai kewar Yaya Hafizullahi da ta ƙi raguwa. Layin waya har yanzu a katse yake, shi ya sa na ba Ɗanmusa direba wannan takarda ya kawo maka.

An aiko daga garin Isa cewa ran Alhamis za a yi taron karrama 'yan sandan da 'yan bindiga suka kashe a rakiyar motocin kasuwa, har da Yaya. An ce uwa ko uba ko matar kowane mamaci ta zo ta miƙe idan aka kira sunansa. Baba ba ya duniya, Sadiƙa matar Yaya tana takaba. Ka ga saura Inna ke nan.

To, Inna ta ce ba inda za ta. Ka san ta da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan", ko "na gidan Goggo", don Goggo Habi ce ta yaye shi ta riƙe shi. Ranar da aka kawo gawa kana hanya, ba ka ga abin da na gani ba. Mata na zubewa ƙasa da kuka, ita kuwa ta ɗauki rariya tana tankaɗe, wai masu gaisuwa za su so abinci. Har yau ban ga hawayenta ba. Maƙwabta sai yabonta suke yi, wai ta cika 'yar mutunci. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, haushi ne ke cina. Mutumin da ya tsaya yana musayar wuta har motoci suka samu suka juya da mata da yara, a ce ranar tunawa da shi uwar da ta haife shi ba za ta nuna nata ne ba?

Goggo ba ta iya zaman mota saboda ƙafa. Ni dai za ni, amma tsayuwar ƙanwa daban, ta uwa daban. Da kana nan da ka lallashe ta, tunda kai ne auta, kai kaɗai ke juya ta yadda kake so. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe mini da Fatu da yara.

Yayarka,
Radiyya.

Zuwa ga ƙanena Marwan,

Ina sake gaishe ka da fatan kun tashi lafiya. Mu ma lafiya lau, an gama yankan gero, Allah ya sa albarka duk da gonakin nesa ba su nomu ba.

Inna ta je Isa. Ran Alhamis da safe na fito na tarar da ita a motar Ɗanmusa ta riga ni zama, wai za ta sayo daddawa. Na shiga na zauna, na dai san daddawa ba ta ƙare a Sabon Birni ba.

An kafa rumfuna a harabar ofishin 'yan sanda, aka yi fareti, aka busa bigila, malamai suka yi addu'a. Sai aka shiga kiran sunaye. Da aka kira Saje Is'haƙa, uwarsa ta miƙe tana kuka har sai da aka riƙe ta. Wani tsoho ya zo tun daga Zuru saboda ɗansa, ya tsaya ƙyam kamar shi ma ɗan sanda ne. Da aka kira Kofur Hafizullahi Labbo, Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Aka sake kira. Na taɓa ta, ba ta motsa ba. Ni na miƙe na karɓo lambar yabon, fuskata na zafi don kunya da baƙin ciki. Muka kamo hanyar gida.

Ka san kwanar hanyar nan da abin ya faru, wadda direbobi ke taka mota kamar ana bin su. Muna isa Inna ta ɗago ta ce, "Ɗanmusa, nan na anka halbe shi?" Ya ce nan ne. Ta ce ya tsaya. Mota ta ɗauki surutu, kowa na cewa ba a tsayawa a wurin. Ta kama marfin ƙofa ta ce ko ya tsaya ko ta sauka mota na gudu. Ya tsaya, bai kashe inji ba.

Ta sauka, ta taka cikin karan geron da aka yanke, ta fuskanci daji. Na zaci addu'a za ta yi. Sai ta ɗaga murya, irin yadda take kiranmu cin tuwo muna yara, ta ce, "Hafizullahi!" Ta saurara kamar za a amsa, ta sake kira. Wani ɗan kasuwa ya tuɓe hula yana goge ido da ita, ni kuwa kuka ya ƙwace mini, haushin da na kwana biyu ina riƙe da shi na neme shi na rasa.

Ta dawo ta zauna, Ɗanmusa ya ja mota. Sai da muka hango Sabon Birni ta karɓi lambar daga hannuna, ta ce mini a hankali, "Ashe sunan ga na da daɗi ga baki."

Idan ka zo kada ka tambaye ta, ka san ba za ta amsa ba. Allah ya jiƙan Yaya da abokan aikinsa, ya ba mu zaman lafiya a ƙasar nan. Inna da Goggo da Sadiƙa suna gaishe ku.

Yayarka mai ƙaunarka,
Radiyya.